Girafin: ina aka kwana, kuma a ina za a fara cin moriyarsa?

Tambaya: Shekara da shekaru muna jin cewa girafin ya fi ƙarfe ƙarfi sau 200, zai kori silikon daga cikin kwamfuta, zai tace ruwan teku ya zama na sha, zai kuma sa batir ya cika cikin 'yan mintoci. Yanzu har batir nake gani a kasuwa da sunansa a jiki. A cikin waɗannan wanne ne zai tabbata, wanne ne talla kawai?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin a taɓo maganar gobe sai an fara raba abubuwa biyu da ake kira da suna ɗaya, don a nan yawancin ruɗanin ya samo asali. Akwai girafin na shimfiɗa, akwai girafin na gari. Alƙaluman ban mamaki da ka ji, a jikin na shimfiɗa aka auna su. Wanda ake zubawa a buhu ana sayar wa masana'antu kuwa na gari ne, kuma shi ne ke cikin kusan duk kayan da ka gani da wannan suna. Duk lokacin da aka ce maka girafin zai yi kaza, fara tambayar wanne daga ciki ake nufi.

Asalin abin yana cikin fensir. Baƙin da ke tsakiyar fensir girafait ne haɗe da yumɓu, shi kuma girafait kabon ne zalla, ɗan'uwan gawayi, sai dai ƙwayoyin zarrarsa a shimfiɗe suke falle-falle kamar takardun littafi. A cikin kowane falle ƙwayoyin sun riƙe juna gam, a tsarin saƙar zuma mai kusurwa shida. Tsakanin falle da falle kuwa riƙon sako-sako ne, shi ya sa fensir ke barin zane in an goga shi a takarda. Idan aka zare falle ɗaya tak, shi ne girafin. Kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na nanomita, wato sai an jera falle wajen miliyan uku kafin a tara milimita ɗaya. Tun 1947 Philip Wallace ya yi lissafin yadda lantarki zai bi ta cikinsa, amma sai a 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchesta a Ingila suka ware shi suka auna halinsa. Da salatif suka yi aikin: a manna a jikin girafait a ɓare, a sake mannawa a ɓare, har ya yi siriri, sannan a danna shi a kan faifan silikon mai rufin oksaid na nanomita 300. Wannan kaurin rufin ne ke sa falle ɗaya ya ɗan sauya launi har ido ya gan shi a maikiroskof. A 2010 aka ba su kyautar Nobel ta fiziks.

Maganar ƙarfi gaskiya ce, amma a duba yadda aka auna. A 2008 a Jami'ar Columbia ta Amurka aka shimfiɗa girafin a bakin wasu ramuka masu faɗin maikiromita ɗaya zuwa ɗaya da rabi (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), aka danna shi da tsinin allurar daimon har ya fashe. A ma'aunin ƙarfin jure ja, sai da ya jure gigafaskal 130, alhali rodin gini yana wajen rabin gigafaskal ne. Daga nan "sau 200" ta fito. To amma silin gashin kai ya fi bakin ramin nan faɗi kusan sau hamsin, kuma a guntu ƙarami haka babu ko aibi ɗaya. Babban falle ba ya rasa huda, ko ɗinki inda yanki ya haɗu da yanki. A 2014 masu bincike a jami'o'in Rice da Georgia Tech suka yi wa falle 'yar tsaga da gangan suka ja shi, sai ya tsage nan take kamar gilashi, a nauyin da bai kai ko kusa da wancan ba. Mai sayar da atamfa ya san wannan hali: ya ɗan ciza bakin yadin da almakashi, ya ja da hannu biyu, sai ya tafi har ƙarshe. Ƙarfe ba haka yake ba, yana lanƙwasa ya ba da sanarwa kafin ya karye. Saboda haka kada ka sa ran ganin gada ko jikin mota da aka ƙera da girafin zalla.

Haka zancen yake ga zafi da lantarki. A ma'aunin da jan ƙarfe ke da 400 wajen wuce da zafi, girafin da aka rataye a sarari ya ba da dubbai. Da aka kwantar da shi a kan oksaid ɗin silikon sai ya sauko wajen 600. Saurin tafiyar ilektaron a cikinsa ya kai 200,000 a ma'aunin da silikon ke da kusan 1,400, amma a rataye, cikin tsananin sanyi. A kan faifai na yau da kullum, wajen 10,000 ake samu. Abin da ba shi da ciki, duk jikinsa fata ce, duk abin da ya taɓa shi sai ya sauya masa hali. Ka riƙe wannan, domin shi ne rauninsa, shi ne kuma babban amfaninsa, kamar yadda za ka gani a gaba.

Salatif ba ya ba da abin da ya wuce ɓarɓashi, don haka masana'anta da tanderu take aiki. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda rukunin Rodney Ruoff na Jami'ar Texas ya bayyana a 2009. Ana sa takardar jan ƙarfe mai kaurin maikiromita 25 a cikin bututun gilashi mai jure wuta, a zuƙe iskar ciki, a ɗaga zafi zuwa digiri 1,000 ana hura haidirojin na wajen rabin awa don ya cinye tsatsar saman ya kuma daidaita fuskar ƙarfen. Daga nan a saki iskar mitan kaɗan. Mitan na taɓa jan ƙarfe mai zafi sai ya warware, kabon ya zauna a sama yana yin tsibirai, tsibiran su yi ta faɗi har su haɗe. Dalilin zaɓen jan ƙarfe shi ne ba ya shan kabon, kuma da zarar falle ɗaya ya rufe fuskarsa sai aikin ya tsaya da kansa. Nikel kuwa yana sha, in ya huce ya amayar da shi falle da yawa ba tsari. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1,085, ke nan ratar da ke tsakanin aiki da asara ba ta da yawa. Wajen hucewa ma akwai matsala: ƙarfen yana tsukewa, girafin ba ya binsa, sai ya tattare ya yi ƙunji.

A wajen ɗauke shi daga jan ƙarfen ne gizo ke saƙar. Ana shafa masa siririyar roba mai suna PMMA don ta riƙe shi, a ɗora a kan ruwan sinadarin da ke narkar da jan ƙarfe, a bar falle yana yawo a saman ruwa, a ɗauraye shi sau da yawa, a kamfato shi da faifan da ake so, a busar, sannan a wanke robar da asiton. Kowane mataki yana barin tabonsa. Robar ba ta fita duka, ruwa yakan maƙale a ƙasa, burbushin jan ƙarfe yakan rage, fallen yakan yage. Tun 2010 Jami'ar Sungkyunkwan ta Koriya ta Kudu tare da Samsung suka nuna falle mai faɗin inci 30, don haka girma ba shi ne matsala ba. Matsalar ita ce a samu na yau ya yi daidai da na jiya, tsakiyar faifai ta yi daidai da gefensa. Masana'antar da ke ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta a kan faifan milimita 300 ba ta yarda da ƙurar jan ƙarfe a inda ba a tsara ta ba, kuma in an gama shimfiɗa wayoyin ciki ba a yarda zafi ya wuce digiri 400 da ɗan wani abu, balle 1,000.

Ko da an magance duk wannan, akwai cikas da ya fi shi ga maganar korar silikon. Tiransisto makunni ne, aikinsa ya kunna ya kashe, kuma kwamfuta tana ɗauke da biliyoyinsu. Silikon yana kashewa sarai domin yana da abin da ake kira ratar makamashi, wani tsani da ilektaron ba ya iya haurawa sai an tura shi. Girafin ba shi da wannan rata. In ka kashe shi wuta tana ci gaba da zurara, bambancin kunne da kashe bai cika wuce ninki goma ba a zafin ɗaki, alhali ana bukatar ninki dubu goma ko fiye. Famfo ne da ba ya rufuwa, kuma biliyoyin irinsa a wuri guda za su shanye batir su ƙona na'urar. An gwada yanka shi siriri kamar zare don a ƙirƙiro ratar, sai kaushin gefen ya cinye saurin da ake taƙama da shi. Ci gaba mafi ƙarfi a wannan fanni ya zo a Janairun 2024, lokacin da rukunin Walter de Heer na Georgia Tech da Jami'ar Tianjin ta Sin suka tsirar da falle a kan silikon kabaid wanda ya samu ratar ilektaron-bolt 0.6, da saurin ilektaron da ya haura 5,000 a wancan ma'aunin. Aiki ne mai daraja, amma daga wannan zuwa kwamfutar da za ka saya akwai tafiyar shekaru masu yawa, kuma ba na ganin silikon zai bar kujerarsa a nan kusa. Allon taɓawa na waya ma da aka yi ta zance bai kankama ba. Falle ɗaya yana shan kashi 2.3 cikin ɗari ne kacal na haske, amma turjiyarsa ga lantarki ta ninka ta sinadarin ITO da ake amfani da shi yanzu, kuma magungunan da ake sa masa don rage turjiyar suna sanyi da daɗewa.

Inda girafin na shimfiɗa ke da makoma ta gaske, a ganina, shi ne a na'urorin shinshino abu, wato sensa. Nan ne raunin da na ambata ya zama alheri, kuma ba a bukatar falle babba, guntun da bai kai ƙwayar gero ba ya isa. Tun 2007 aka nuna a Manchesta cewa yana iya jin saukar ƙwayar iskar gas guda ɗaya a jikinsa. Kamfanin Paragraf da ke kusa da Kambirij yana tsirar da shi kai tsaye a kan faifan da zai yi aiki, ba sai an ɗauke shi daga jan ƙarfe ba, yana kuma sayar da sensar auna maganaɗisu da ke aiki har a kusa da ƙarshen sanyi, wato matakin da babu sanyin da ya wuce shi. Cibiyoyin awo na ƙasashe suna amfani da girafin wajen tabbatar da om, ma'aunin turjiyar lantarki, domin yana yin aikin a sanyi da maganaɗisun da ba su kai tsananin waɗanda tsohuwar hanya ke bukata ba. A Satumbar 2024 kuma, a asibitin Salford Royal da ke kusa da Manchesta, aka ɗora siririyar na'urar girafin ta kamfanin INBRAIN na Basalona a kan ƙwaƙwalwar majiyyaci a lokacin tiyatar cire ƙari, don a saurari motsin lantarkinta. Kabon yana lanƙwasa ya bi lungun ƙwaƙwalwa, yana kuma kama siginar da ke tafiya a hankali wadda ƙarfe ke kasa ji da kyau.

Sensar gwajin jini ko yawu tana da nata tarko, wanda masu farawa ke yawan faɗawa. A ruwa mai gishiri irin na jikin mutum, gishirin yana lulluɓe cajin duk abin da ya yi nisan nanomita ɗaya daga fallen. Ƙwayar garkuwar jiki da ake mannawa don ta kamo cutar kuwa tsawonta ya haura nanomita goma. Sai a kama abin da ake nema amma girafin bai ji ba. Maganinsa shi ne a tsinka samfurin da ruwa, ko a yi amfani da gajerun ƙugiyoyi. Sannan tunda yana jin komai, har da laimar iska da dattin hannu, dole a rufe duk jikinsa a bar taga ɗaya, a kuma ajiye wata sensar a gefe wadda ba a manna mata komai ba don a riƙa cire nata sakamakon daga na 'yar'uwarta. Akwai kuma aikin karɓa da sarrafa haske a wayoyin sadarwa na gilashi, wanda shi ma ana sa masa rai. Batun falle biyu da aka karkata da digiri 1.1, wanda Pablo Jarillo-Herrero na jami'ar MIT ta Amurka ya nuna a 2018 suna wuce da lantarki ba turjiya ko kaɗan, ilimi ne mai zurfi, amma yana faruwa ne a ƙasa da digiri biyu daga ƙarshen sanyi. Ba wayar raba wuta za a yi da shi ba.

Yanzu ga na gari. Hanya ta farko, wadda aka fi sani, ita ce ta Hummers ta 1958: kowane giram ɗaya na girafait ana jiƙa shi a mililita 23 na asid mai ƙarfi, a zuba giram uku na sinadarin famanganet kaɗan-kaɗan, kwanon yana cikin ƙanƙara, domin haɗin yana iya fashewa in ya wuce digiri 55. Abin da ke fita shi ne girafin oksaid, mai narkewa a ruwa amma ba ya wuce da lantarki. In an cire masa iskar oksijin yakan dawo da wani ɓangare na halinsa, sai dai da huji a jiki. Ka lissafa da kanka: kilo ɗaya yana barin lita 23 na asid da za a nemi inda za a kai. Hanya ta biyu ta Jonathan Coleman ce na Dublin, a kaɗa girafait da ƙarfi cikin ruwa mai sabulu ko wani sinadari har fallayen su rabu, sannan a juya a injin tacewa a zubar da masu kauri. Ta uku ta James Tour ce na Jami'ar Rice, ta 2020, inda ake sakar wa gawayi ko shara mai kabon wutar lantarki ta ƙiftawar ido, zafi ya haura digiri 2,500.

Kasuwar garin nan cike take da gauraye. Ƙa'idar 2017 ta ISO, hukumar tsara ƙa'idojin kaya ta duniya, ta tsayar da iyaka a falle goma, abin da ya wuce haka girafait ne. A 2018 masu bincike a Jami'ar Ƙasa ta Singafo, har da Novoselov a cikinsu, suka gwada kayan kamfanoni 60. A mafi yawansu girafin na gaskiya bai kai kashi goma cikin ɗari ba, kuma babu wanda ya wuce rabi. Mai sayen gari don aiki ya nemi sakamakon gwajin Raman na wannan buhun da za a ba shi. Ana haska leza ne a duba tudu uku a jadawali: na wajen 1,350 yana nuna yawan aibi, na 1,580 shaidar kabon mai saƙar zuma ne, na wajen 2,700 kuma siffarsa da tsayinsa ke nuna yawan falle. Ya nemi faɗin ɓarɓashin da yawan oksijin da ke ciki, don garin da ya dace da siminti ba lallai ya dace da batir ba.

Amfanin gari kamar na gishiri ne a miya, kaɗan ake sawa, kuma nan ne aka riga aka fara cin moriya ba tare da hayaniya ba. A 2018 kamfanin motoci na Ford ya fara sa ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari a soson da ke rufe wasu sassan injin F-150 da Mustang, kuma kamfanin ya ce ƙara ta ragu da kashi 17, jure zafi ya ƙaru da kashi 30. Akwai shi a tayoyin keke na Vittoria da tafin takalman gudu na inov-8. A Italiya an gwada kwalta mai ɗauke da shi a wani titi kusa da Rum a 2018. A cikin waya kuma, tun daga Huawei Mate 20 X ta 2018, ana sa wata baƙar takarda da aka yi da girafin oksaid, aka gasa ta a kusan digiri 3,000 aka matse. Tana kwashe zafi daga kan ƙwaƙwalwar wayar ta baza shi a faɗin bayanta. Bazawa take yi, ba ta fitar da shi, don haka wayar da aka bari a rana tana caji za ta yi zafi duk da haka.

Fentin hana tsatsa yana bukatar kashedi. Ɓarɓashin girafin a cikin fenti yana tsawaita hanyar da ruwa da iska za su bi kafin su kai ga ƙarfe, kuma a fenti mai tutiya yana haɗa ƙwayoyin tutiyar da juna har a iya rage yawanta. Amma kabon da ƙarfe in suka taɓa juna cikin laima, ƙaramin batir suke zama, ƙarfen ne kuma ke cinyewa. An ga haka a 2013 a kan jan ƙarfen da aka rufe da falle ɗaya: da farko ya kare shi, bayan watanni ya fi wanda aka bari tsirara lalacewa. In an cika gari a fentin da ke manne da ƙarfe kai tsaye, ƙarzuwa ɗaya ta isa a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Shi ya sa ake tsayar da shi ƙasa da adadin da ɓarɓashin zai haɗe ya zama hanyar lantarki, ko a sa shi a shafi na biyu.

Kankare shi ne inda nake ganin garin zai fi yawan tafiya, saboda yin siminti yana fitar da kusan kashi takwas cikin ɗari na hayaƙin kabon na duniya, kuma duk abin da zai rage buhu ɗaya cikin biyar yana da kasuwa. Adadin da ake sawa bai cika kai kashi 0.1 cikin ɗari na nauyin siminti ba. A kashi 0.05, buhu mai kilo 50 giram 25 yake bukata. Ɓarɓashin yana zama wurin da ƙwayoyin siminti ke fara kamawa in sun sha ruwa, sai kankaren ya yi saurin ƙarfi, ƙofofin cikinsa su ragu. A 2021 an zuba daɓen wani ɗakin motsa jiki a garin Amesbury na Ingila da haɗin Concretene, masu aikin suka ce sun rage kashi 30 na kayan, ba su kuma sa ragar rodi ba. Ka lura daɓe ne da ke kwance a ƙasa. Dakin da bim da ginshiƙi suna bukatar rodinsu cif, domin girafin bai mai da kankare mai jure ja ba.

Abin da ke ɓata aikin shi ne dunƙulewa. In aka barbaɗa garin a busasshen siminti, giram 25 ba zai taɓa bazuwa a kilo 50 ba, zai zama ƙulalai, kowane ƙulli kuma rami ne a cikin kankare. Ana fara kaɗa shi ne a cikin ruwan kwaɓi tare da maganin sassauta kankare, da inji mai gudu, kafin ya haɗu da siminti. Girafin oksaid ya fi saurin dunƙulewa, domin kalsiyam ɗin da ke fita daga siminti yana ɗaure fallayen da juna cikin mintoci. Sannan giram ɗaya na girafin yana iya samun fili har murabba'in mita 2,630, filin nan kuma ruwa yake sha, sai kwaɓin ya yi tauri. Birkila ya ga ya yi tauri ya ƙara bokitin ruwa, ƙarfin da aka saya da tsada ya tafi. Hanyar tabbatarwa ɗaya ce: a zuba kwaɓi biyu, mai girafin da marar shi, da ruwa daidai wa daida, a cika ƙananan akwatunan gwaji na milimita 150, a fasa su a kwana 7 da kwana 28. Masu aiki da busasshen garin su sa abin rufe hanci na ƙwarai. A 2021 Kanada ta dakatar da wasu takunkuman fuska masu girafin har sai da ta bincika, kuma gwajin da aka wallafa a 2024 daga Edinbara, inda mutum 14 suka shaƙi tsabtataccen girafin oksaid na awa biyu ba a ga illa ba, bai shafi mai shaƙar ƙurar masana'anta kullum ba.

Tace ruwan teku yana da tushe. A 2012 Rahul Nair a Manchesta ya nuna tantanin girafin oksaid yana hana iskar hiliyam wucewa amma tururin ruwa yana ratsa shi. Sai dai in ya jiƙa yana kumbura, ratar fallayen ta kai wajen nanomita 1.3, gishiri ya bi ta ciki. A 2017 suka samo hanyar rage masa kumburin suka tare kashi 97 na gishiri. Tantanin roba da ake aiki da shi yau yana tare fiye da kashi 99, ga araha. Kuma raba gishiri da ruwan teku yana da kuɗin wutar da ba a iya kauce masa, wajen yunit ɗaya na mita ga kowace lita 1,000, manyan matatu kuma suna cin uku zuwa huɗu. Ko tantanin ya ninka saurin wuce da ruwa sau ɗari, ba zai sauke wannan ƙasa sosai ba. Inda za a fi ganinsa shi ne shafa shi a kan tantanin da ake da shi don rage kama datti, da tace ruwan rini da na masana'antu.

Game da jinkirin kuwa, ba baƙon abu ba ne. Zaren kabon ya fito tun wajajen 1960, amma sai a 2011 jirgin Boeing 787, wanda rabin nauyinsa irin wannan haɗi ne, ya fara ɗaukar fasinja. Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shirin Yuro biliyan ɗaya na shekara goma a kan girafin a 2013, kuma yawancin abin da ya fito daga ciki irin waɗannan ƙananan amfanoni ne da na lissafa.

Saura batir ɗin da ka gani. Girafin ba shi ne ke ajiye wutar ba. An gwada yin sandar batirin litiyam da shi zalla, sai yawan filinsa ya zama illa: a cajin farko ruwan batir yana yin ɓawo a kan duk fuskar da ya taɓa, ɓawon yana cinye litiyam da ba ya dawowa, sannan fallayen suna sake mannewa su koma girafait. Aikinsa na gaskiya taimako ne. Ana sa kaɗan don lantarki ya ratsa cikin sandar da sauƙi, abin da ke rage zafi ya ba da damar caji da sauri. Ana kuma naɗe ƙwayoyin silikon da shi, domin silikon yana ɗaukar litiyam kusan ninki goma na girafait, amma yana kumbura wajen ninki uku ya farfashe in ba a riƙe shi ba. Wannan fanni yana da makoma mai kyau. Abin da ke cika cikin daƙiƙoƙi shi ne sufa-kafasita, irin wadda Skeleton Technologies na Istoniya ke yi, sai dai wutar da take riƙewa ba ta cika wuce wat-awa goma a kilo ba, don haka aikinta tura wuta mai yawa na ɗan lokaci ne, ba kwana da fitila ba.

Yawancin batiran babur mai lantarki da na sola da ake rubuta wa girafin, batiran dalma da asid ne da aka ƙara wa kabon a farantin da ke ɓangaren nagetif. Ƙarin yana da amfani, yana rage farin gishirin da ke taruwa a farantin in batir yana yawan kwana bai cika ba, don haka yakan ƙara masa kwana. Amma bai fitar da shi daga dangin dalma ba, kuma in ana zuƙe shi ƙasa da rabi kullum zai mutu da wuri kamar sauran. Sikeli zai gaya maka gaskiya. Ninka bolt da amfiya-awa, ka raba da nauyi. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe wat-awa 2,400. In ya auna kilo 60, ya ba da 40 a kowane kilo ke nan, wannan kuwa dalma ce, don iyakarta 30 zuwa 40. Na litiyam irin LFP yana ba da 90 zuwa sama, wato mai wannan girman ba zai wuce kilo 25 da ɗan kai ba. Bayan nauyi, nemi takardar da ta nuna sau nawa za a iya caji da sauke shi, a wane zurfin saukewa, kuma a wane zafi aka yi gwajin, domin yawanci a digiri 25 ake yi, batirin dalma kuwa yana rasa kusan rabin kwanansa a duk ƙarin digiri goma.